Yini Guda a Zanzibar: Hantsi a Teku, La'asar a Kasuwa

Shirin na yau zai bi sawun wani yini da ba a rasa shi a tafiyar hutu ta ayari, wato irin tafiyar da kamfani ke tara mutum goma sha biyar ko ashirin, ya ɗauke musu masauki da abinci da zirga-zirga a kan kuɗi guda. A takardar tallar irin wannan tafiya akwai ranar da akan rubuta wa abu biyu: da safe a shiga kwalekwale a je a leƙa abin da ke ƙarƙashin teku, da la'asar a shiga kasuwa a yi tsaraba. Wurin da shirin ya zaɓa shi ne Zanzibar, a gaɓar gabashin Afirka, inda 'yan Najeriya, har da amare da angwaye, suka fara yawan zuwa a 'yan shekarun nan.

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba. Tun watan Afrilun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya, amma suna da shugabansu da majalisarsu. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. A 2024 baƙi sama da dubu 700 suka sauka a can, akasarinsu a Unguja, tsibirin da tsawonsa bai wuce kilomita 85 ba. Duk wanda ya auna wannan adadi da girman wurin zai gane dalilin da ya sa yinin da za a bayyana yake cike da gaggawa da cunkoso, da kuma dalilin da ya sa baƙon da bai san yadda abin yake ba yakan dawo masauki da ƙunar rana da ledar tarkace, alhali ya biya kuɗin abin da ya fi haka.

Abu na farko da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne lokacin tashi. Jiya an ce ƙarfe takwas, wani ayarin kuma bayan kwana uku a ce masa ƙarfe goma. Ba son rai ba ne na jagora. Teku ne ke yanke lokaci. Sau biyu a yini ruwa yakan ciko, sau biyu ya janye, kuma kullum lokacin yakan matsa gaba da kamar minti hamsin, saboda wata ne ke jan ruwan. A Zanzibar bambancin cika da janyewa yakan kai mita huɗu a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan ja baya har mutum ya yi tafiyar kusan kilomita a kan yashi bai same shi ba. Mai lissafin kwanan wata na Musulunci yana da riba a nan, domin kafin ya bar gida zai iya sanin ko tafiyarsa ta faɗo a kwanakin babban ruwa ko na ƙarami.

Haka ma iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, mutanen wurin suna ce mata kaskazi. Daga tsakiyar shekara zuwa wajen Satumba sai ta kudu, wadda suke kira kusi, ta karɓa, kuma takan fi tayar da igiyar ruwa. A tsakani, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi. A wannan lokacin ne kuɗin otal ke faɗuwa, a kuma lokacin ne ruwa kan gurɓace har a kasa ganin ƙasa. Idan aka ga tallar tafiya da arha mai ban mamaki, a duba watan da aka sa mata.

Ayarin da ya kwana a tsohon birnin Zanzibar yakan tashi daga bakin ruwan da ke kusa da lambun Forodhani. Babu gada, babu matakala: mutum ya naɗe wando ya taka ruwa zuwa gwiwa, matuƙi ya miƙo hannu ya ja shi ciki. Kwalekwalen na katako ne, da rumfar tamfol da inji a baya. A nan ne ya kamata a yi tambayar da mutane ke jin nauyin yi, wato ko rigunan kariya sun kai yawan kawunan da ke ciki, kuma ko akwai na yara. Mutanen Zanzibar ba su manta da daren 10 ga Satumban 2011 ba, lokacin da jirgin ruwan Spice Islander, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya nutse tsakanin Unguja da Pemba da ɗaruruwan rayuka. Matuƙin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ji haushi, to ya riga ya ba da amsa.

Tafiyar minti ashirin zuwa talatin ce, sai a kashe inji a kan wani wuri da ruwan ya sauya launi daga shuɗi mai duhu zuwa kore garau. Sai a fito da buhun kaya. Kayan uku ne. Akwai tabarau mai rufe ido da hanci baki ɗaya. Akwai bututun numfashi, wanda tsawonsa kamar kamu ɗaya ne, mutum ya ciji bakinsa ɗaya, ɗayan ya tsaya a sama da ruwa. Sai takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Dabarar ba nutso ba ce. Mutum yana kwance ne rub da ciki a saman ruwa, fuska a ciki, yana shaƙar iska ta baki, yana kallon ƙasa. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, saboda haka ya fi ruwan kogi ɗaga jiki, ga kuma rigar kariya. Shi ya sa wanda bai iya iyo sosai ba ma akan shigar da shi, muddin akwai jagora kusa riƙe da tayar ceto.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata wa mutane wannan awa guda. Tabarau da bai zauna daidai ba, ruwa ya riƙa tsiyaya ciki. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗora shi a fuska ba tare da igiya ba, a ja iska ta hanci, idan ya manne to ya yi. Mai gashin baki ya sa a ransa cewa ɗan ruwa zai riƙa shiga, ba abin firgita ba ne. Hazon da ke rufe gilashi kuwa, 'yan ruwa da yawu suke maganinsa, a shafa a ɗauraye, wanda ƙyanƙyami ya hana ya nemi ɗigon sabulu. Idan ruwa ya shiga bututu, hurawa ɗaya mai ƙarfi ke fitar da shi. Duk waɗannan a wuri marar zurfi ya kamata a gwada su, inda ƙafa ke taɓa yashi. Amma ayari yana sauri, kuma sau da yawa sai mutum ya tsinci kansa a ruwa mai zurfin mita biyar kafin ya fara koyon numfashi ta baki.

Ga mata akwai batun sutura, kuma batu ne na tsira, ba na ado kaɗai ba. Abaya ko hijabi mai yalwa idan ya jiƙe yakan yi nauyi, ya nannaɗe ƙafa, ya rufe fuska. Akwai kayan iyo masu rufe jiki daga kai zuwa idon sawu, da yadi marar riƙe ruwa, kuma gara a saye su tun daga gida. A ƙauyen Nungwi da ke arewacin Unguja, ƙungiyar Panje Project da irin waɗannan kaya take koyar da 'yan matan tsibirin iyo, domin abin mamaki, da yawa daga waɗanda aka haifa a bakin teku ba su iya ba. Kayan suna da wata fa'idar ga kowa, mace da namiji. Mai kwance a saman ruwa bayansa da ƙeyarsa da dambubunsa suna fuskantar rana kai tsaye, sanyin ruwa kuma yana hana shi jin zafi. Baƙar fata ma tana ƙonewa, sai dai ba a gani sai dare, lokacin da riga ta gagara sawa.

To, me ake gani? Da farko komai yakan yi girma. Haske yana karyewa tsakanin ruwa da iskar da ke cikin tabarau, sai abu ya bayyana ya fi ainihinsa da kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma ya matso kusa. Launin ja shi ke fara ɓacewa, ana kai mita biyar ya dushe, shi ya sa ƙasa can take shuɗi-shuɗi. Akwai ƙananan kifaye masu zane baƙi da fari da ke zagaye mutum garke guda. Akwai kifin da bakinsa ya yi ƙarfi har yana gatsar dutsen murjani, wanda idan mai iyo ya yi shiru zai ji ƙarar gatsar a kunnensa, kuma abin da wannan kifi ke fitarwa daga cikinsa yana daga cikin farin yashin da baƙi ke ɗaukar hoto a kai. Akwai taurarin teku ja da shuɗi kwance a ƙasa.

Sai shi murjanin kansa, wanda a nan ne shirin zai ɗan tsaya. Ba jan murjanin da ake yi wa amare abin wuya ba ne, wancan galibi daga Bahar Rum yake fitowa. Wannan na ruwan ɗumi ne, wani mai rassa, wani dunƙulalle, wani shimfiɗaɗɗe. Ido yana ganin dutse, amma dabba ce. Dubban ƙananan halittu ne masu taushi, kowacce ta gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, sababbi suna gini a kan na matattu. A cikin jikinsu akwai wasu 'yan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ke sarrafa hasken rana su ciyar da mai masaukinsu, su ne kuma ke ba shi launi. Dunƙulallen murjani yakan ƙaru da santimita ɗaya ko biyu ne kacal a shekara. Ke nan wanda ya kai tsayin mutum ya girmi kakan mai kallonsa. Duk murjanin duniya bai rufe kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsa suke samun abinci ko mafaka, kuma shi ne katangar da ke karya igiyar ruwa kafin ta cinye gaɓa.

Abokin gabansa na farko zafi ne. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kawai na tsawon makonni, murjani yakan kori waɗannan tsirrai, ya koma fari fat, idan abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Haka ta faru a 1998, shekarar da ta yi wa Tekun Indiya mummunar ɓarna, ta sake faruwa a 2016, sannan a Afrilun 2024 masana suka sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na wannan annoba. Wannan ya fi ƙarfin ɗan yawon buɗe ido. Abin da bai fi ƙarfinsa ba shi ne ƙafarsa. Mutum ya gaji, ko ruwa ya shiga tabarau, sai ya nemi wurin tsayawa, ya ɗora takalmi a kan abin da ya ɗauka dutse ne. Reshen da ya karye a daƙiƙa guda aikin shekaru ne. Ga ƙarfen da matuƙa ke jefawa don tsayar da kwalekwale, ga burodin da ake watsa wa kifi don su taru a ɗauki hoto, ga tauraron teku da ake ɗagowa sama a riƙe, alhali a cikin ruwa yake numfashi.

Wurare biyu sun isa misali. Tsibirin Mnemba, a arewa maso gabas, shi ne ya fi suna. Tsibirin kansa a hannun wani otal yake, ba a yarda baƙon yini ya taka shi ba, amma ruwan da ke kewaye da shi a lokacin cikar baƙi yakan cika da kwalekwale gomomi a safiya ɗaya, kuma murjanin wurin da aka fi tsayawa ya sha wuya. Tsibirin Chumbe kuwa, kudu da tsohon birni, tun 1994 aka killace murjaninsa. Ba kamun kifi, ba jefa ƙarfe, kuma an ƙayyade yawan masu shiga a rana. A ɗan wannan wuri an ƙirga nau'in murjani mai tauri wajen 200. Kuɗin zuwa Chumbe ya ninka na sauran wurare, kuma da wuya a same shi a tsarin tafiyar ayari mai arha. A ganin wannan shiri, wanda ya ƙetare nahiya don ya ga murjani, a nan ya fi dacewa ya ƙara kuɗi, ba a ɗakin otal mai kallon teku ba.

Haɗarin da ake tsoro da wanda ke faruwa ba ɗaya ba ne. Sabon zuwa yana tambayar manyan kifaye masu cin mutum. Abin da ya fi kai mutane asibiti shi ne bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa, sai kuma kifin da ke kwance a ƙasa ba a bambanta shi da dutse, mai dafi a ƙayar bayansa. Taimakon farko ga duka biyun shi ne a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, sannan a nemi likita. Mafi muni kuwa shiru yake zuwa. Mai nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu, kuma wanda ya suma da fuska a ruwa bai da bambanci da mai kallon kifi. A tsibiran Hawai na Amurka, wannan wasa na kallon ƙasan teku shi ne kan gaba wajen mutuwar baƙi a ruwa, kuma da yawansu manya ne masu ciwon zuciya. Mai hawan jini ko asma ko ciwon zuciya ya gaya wa jagora tun a tudu. Kowa kuma ya sami abokin da za su riƙa duba juna, kuma a ƙirga kawuna kafin a tayar da inji, kada a wadatu da tambayar ko kowa ya shigo.

Wajen azahar sai a nufi Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar teku, ba itace ba gini, wanda ke fitowa idan ruwa ya janye, ya kusan ɓacewa idan ya ciko. Matuƙa su kafa rumfa, su hura gawayi, a gasa kifi da jatan lande da pweza, wato halittar nan mai hannu takwas, a yanka abarba da mangwaro da kankana. Wanda bai taɓa cin irin waɗannan ba ya fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓar jatan lande, kuma tsakiyar teku ba wurin gano haka ba ne. Mai niyyar salla kuma kada ya juya gabas yadda ya saba. Makka tana kusan saitin arewa da Zanzibar, alƙiblar wurin arewa take kallo.

Daga nan wasu ayarin sukan biya tsibirin Changuu, kilomita biyar da ɗoriya daga birni, wanda aka fi tallatawa da sunan tsibirin kurkuku. A 1893 Baturen Ingila Lloyd Mathews, wanda ke riƙe da muƙamin babban wazirin Sarkin Zanzibar, ya sa aka gina gidan yari a wurin, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace matafiya saboda cutar shawara. Abin kallon yanzu manyan kunkuru ne. A 1919 gwamnan tsibiran Seshel ya aiko da guda huɗu kyauta. Sun hayayyafa har wajen 200 a 1955, sannan ɓarayi suka yi ta kwashewa suna sayarwa, har a 1996 bakwai suka rage, kafin a kewaye su da shinge. Minti arba'in ya isa wurin.

La'asar sakaliya ake dawowa birni, kuma a nan ne rabin yinin na biyu ke farawa. Kafin komai a sauya kaya. Tsohon birnin, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, gari ne na masallatai da makarantun allo, kuma a 2021 gwamnati ta ja kunnen baƙi da jagororinsu cewa a cikin gari a rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa. Lungunan ƙunci gare su, mota ba ta shiga yawancinsu, sai babur da keke. Ƙofofin gidaje na katako ne da sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla irin na Indiya.

Jagora yakan ce awa ɗaya da rabi aka ba ayari, sannan ya wuce gaba ya shiga wani shago mai sanyin na'ura. Ba laifi ya yi ba, amma ya kamata a san yadda abin yake: a irin wannan sana'a, a ƙasashe da yawa, shagon da aka kai wa ayari yakan ba wanda ya kawo su la'ada, kuma la'adar a cikin kuɗin kayan take. Haka 'yan kamashon da ke tare baƙo a hanya, waɗanda mutanen gari ke kira papasi. Wanda yake son sanin farashin gaskiya ya roƙi a fara da kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, inda matan gari ke cefane. Bahaushe ba baƙon ciniki ba ne. A yi sallama, a gaisa, a tambaya da harshensu, bei gani, wato nawa ne, a taya, a bar mai kaya ya ce albarka, a ƙara kaɗan. Abin da ke ɓata ciniki shi ne a shiga shago mutum goma a tare, ɗaya ya biya kuɗin farko da aka faɗa. Daga nan farashi ya zauna wa sauran tara. Kuɗin ƙasar shilin Tanzaniya ne, kuma mai riƙe da ƙananan takardunsa ya fi mai miƙa dala samun sauƙi.

Tsarabar da ta fi cancanta kayan ƙamshi ne. Kanumfari asalinsa daga tsibiran Maluku ne na Indunusiya, amma Sayyid Sa'id, Sarkin Oman da ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840, shi ya matsa a shuka shi, da ƙarfin bayi, har tsibiran suka zama kan gaba a duniya. Yau Pemba ce ke noma mafi yawa. Mai kyau yana da kansa a jiki, launinsa ja-ja mai duhu, idan aka danna shi da farce sai mai ya fito. Kirfa da gyaɗar ƙamshi da masoro gara a saye su yadda suke ba niƙaƙƙe ba, domin gari yana karɓar haɗi kuma ƙamshinsa ba ya daɗewa. Za'afaran kuwa a bar shi inda aka gan shi. Ba a noma shi a Zanzibar, mafi yawansa daga Iran yake fitowa, kuma sai an tsinke fure wajen 150 ake samun giram ɗaya. Ƙunshin da ake miƙa wa baƙo a kuɗin kwalbar lemo ko kurkur ne ko wani fure mai kama da shi.

Mata sukan tsaya a wurin kanga, zanen auduga mai gefe da tsakiya, wanda ake sayarwa biyu a haɗe. Kowanne yana da rubutu da Sawahili a ƙasansa. Wani addu'a ne, wani kalaman ƙauna, wani kuwa habaici ne tsantsa ga kishiya ko maƙwabciya mai sa ido. Kafin a saya wa suruka, a sa mai shago ya fassara. Maza kuma ga kofia, hular da aka yi wa ɗinkin ƙananan huji, ta hannu ta fi ta inji tsada nesa ba kusa ba, kuma wanda ya san hula zai gane da ya juya cikinta. Akwai sabulun ciyawar teku, wadda matan Paje da Jambiani ke nomawa a cikin ruwa tun wajen 1989, kuɗinsa kuma ya fi kusa da isa hannun mai wahalar.

Dutsen tanzanait mai launin shuɗi ba na tsibirin ba ne. A tsaunukan Mererani kusa da Arusha aka gano shi a 1967, kuma har yau can kaɗai ake haƙo shi a duniya. Gilashi mai launi yana kama da shi a idon wanda bai sani ba. Ba a sayensa a lungu, ba a sayensa babu takardar shaida da rasit.

Saura tebur guda, wanda yakan fi jan yara: manyan katantanwar teku masu sheƙi, busassun taurarin teku, guntayen murjani, wani lokaci har abin hannu na ƙoƙon kunkurun teku. Waɗannan su ne abin da ayarin ya biya kuɗi ya kalla da hantsi. Katantanwa mai sheƙi ba tsintar ta aka yi a yashi ba, da ranta aka ɗauko ta, domin wadda ta mutu ta gangaro gaɓa takan dushe ta karce. Wata babba daga cikinsu, mai siffar ƙaho, tana cin wani tauraron teku mai ƙaya da ke cinye murjani. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Tanzaniya da Najeriya da Nijar duk suke ciki, ta haramta cinikin kunkurun teku tsakanin ƙasashe, ta kuma sa murjani mai tauri a jerin abin da ba ya ƙetare iyaka sai da izini. Mai tebur ba zai faɗi wannan ba, jami'in filin jirgi ne zai faɗa.

A gefen teburin akwai kwanon wuri, kuma wannan yana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa. Wurin da aka daɗe ana ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldib yake zuwa. Wajen 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka lura cewa gaɓar Zanzibar cike take da wani nau'in mai kama da shi, mai zoben rawaya a baya, kuma arha ƙwarai. Suka shiga loda shi a jirage suna zagaye kudancin Afirka zuwa Legas da Wida, daga can fatake suka hau da shi arewa. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa guda. Kafin ƙarnin ya ƙare wuri ya yi yawa har darajarsa ta zube, ta kai kuɗin ɗaukar kayan wuri zuwa gari mai nisa yana cinye kaso mai yawa na kayan.

Da magariba ayari yakan taru a lambun Forodhani, inda aka tashi da safe, yanzu ya koma kasuwar abinci da fitilu. Akwai urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, akwai ruwan rake da citta da lemon tsami da ake matsewa a gaban mai saye. Tsiren kifi da na jatan lande da aka jera tun yamma a sa a sake gasa shi sosai, kuma a ji kuɗinsa kafin ya hau wuta. Ledar da aka saba zuba tsaraba a ciki haramtacciya ce a Zanzibar, saboda haka kayan ƙamshi a jakar yadi ko takarda za a ba da su, kuma a babban akwati ya kamata su kwana, rasit ɗin duk wani abu mai tsada kuma a ajiye shi tare da fasfo.

A nan shirin na yau ya tsaya.